Sabon dillalin gidaje: yaya zai raba la'adarsa, yaya zai yi da haraji?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina roƙon a warware mana wata magana, mu sababbin shiga dillancin gidaje da filaye da ba mu da albashi, sai la'ada. Kuɗi yakan shigo da kauri a wata ɗaya, sannan a yi wata biyu ko uku shiru. Idan la'ada ta shigo, nawa ne na dillali, nawa ne na sana'a, nawa ne na hukumar haraji? Me ake rubutawa, me ake adanawa, yaushe ake biya? Don Allah a yi mana dalla-dalla.

Hajiya Dillaliya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a je ga haraji, ka fara sanin cewa adadin da ke rubuce a takardar yarjejeniya ba shi ne zai shiga aljihunka ba. Akwai hannuwa da yawa a tsakani, kuma wanda ya fara ɗiba yana canja abin da zai rage maka.

Mu ɗauka la'adar ɓangarenka 10,000 ce, ko da wane irin kuɗi ake ciniki a inda kake. Kana aiki a ƙarƙashin wani kamfanin dillanci, kun yi da su za su ɗauki kashi 30, kai ka ɗauki 70. Naka 7,000 ke nan. To amma wani ne ya haɗa ka da mai sayen, kuma an yi masa alkawarin kashi 25 na la'adar. Idan aka fara cire nasa daga sama, 2,500 ta tafi, saura 7,500, kamfani ya ɗauki 2,250, kai ka tashi da 5,250. Idan kuwa kamfani ya ce shi bai san da wannan alkawari ba, ya ɗauki 3,000 ɗinsa cif, kai ka biya mutumin daga naka, to 4,500 za ka tashi da ita. Ciniki ɗaya, amma bambancin 750, kawai saboda ba a rubuta wanda za a fara cire wa ba. Wannan layi guda ɗaya ka tabbata yana cikin yarjejeniyarka da kamfani tun kafin cinikin farko.

Sannan ka tambayi kamfanin abin da suke cirewa ban da kasonsu: kuɗin tebur ko ofis na wata-wata, kuɗin sarrafa takardu a kan kowane ciniki, kuɗin inshora, kuɗin manhajar da suke sa gidaje a kai. Wasu daga la'ada suke zarewa, wasu kuma ko ka sayar ko ba ka sayar ba sai ka biya a ƙarshen wata. Na biyun nan shi ke karya sabon dillali.

Malam Akanta:
Hajiya ta share fage. Ni kuma zan ɗora da abin da za a yi a ranar da kuɗin ya sauka, domin a ranar ake gyarawa, a ranar kuma ake ɓatawa.

Ka buɗe asusu uku, ban da wanda kake cefane da shi. Na farko asusun sana'a: duk la'ada a nan take sauka, duk ɗawainiyar aiki daga nan take fita, ba a sayen komai na gida da katinsa. Na biyu asusun haraji: kada ka karɓi katinsa, in da hali ma a wani banki daban, yadda ba za ka riƙa ganin kuɗin ba duk lokacin da ka buɗe waya. Na uku asusun ko-ta-kwana, na watannin da babu ciniki.

La'ada na shigowa, kafin ka kwana, ka tura kason haraji. Bayansa kason ko-ta-kwana. Abin da ya rage ya zauna a asusun sana'a, daga nan ka riƙa biyan kanka adadi guda a rana guda kowane wata, kamar albashi. Ko an sayar da gida uku a watan, ko ba a sayar da ko ɗaya ba, adadin ba ya motsi. Ka auna shi da ainihin abin da gidanka ke ci a wata, kada ka auna shi da watan da ka fi samu.

Dalilin raba asusun ya wuce tsari kawai. Mai albashi ana cire masa haraji kafin kuɗi ya iso hannunsa. Kai kuwa kuɗin gwamnati da naka a haɗe suke zuwa maka, su zauna a hannunka wata da watanni. Duk wanda ya ga kuɗi a asusunsa, zuciyarsa za ta gaya masa nasa ne.

Sabon Shiga:
Na gode Malam. Kason harajin nan nawa ne? Wasu na ce mini kashi 20, wasu 30.

Baba Dillali:
Ɗana, ka ware 30 daga duk abin da ya shigo, ka huta. In ya yi rara a ƙarshen shekara, alhamdu lillahi, ka samu jari. Lissafi mai yawa shi ke sa yaro ya ce gobe zan yi, goben kuma ba ta zuwa.

Malam Akanta:
Baba, ban ƙi ta taka ba a wata shidan farko, lokacin da mutum bai san yawan ɗawainiyarsa ba. Amma ina so ya gane daga inda adadin ke fitowa, domin 30 ɗin za ta iya yi wa wani yawa har ta hana shi kuɗin talla, wani kuma ta gaza masa.

Haraji a kan riba yake hawa, wato abin da ya shigo bayan an debe ɗawainiyar da doka ta yarda da ita. Misali a shekara ka samu 60,000, ɗawainiyar aiki ta ci 15,000, riba 45,000. Mu ce idan an haɗa harajin kuɗin shiga da kuɗin tsarin fansho ko inshorar ƙasa, duka sun kama kashi 28 na ribar. Za ka biya 12,600. Idan ka auna wannan da 60,000 da ta shigo, kashi 21 ne. Wanda ya ware 25 ya tara 15,000, yana da rarar 2,400. Wanda ya ware 20 ya tara 12,000, ya gaza da 600.

Abu biyu ne ke rikita lissafin. Na ɗaya, a yawancin ƙasashe haraji hawa-hawa ne: kuɗin farko ana ɗaukar kaɗan ko ba a ɗauka sam, na sama kuma ana ɗaukar kaso mafi girma. Saboda haka la'adar da ta zo a ƙarshen shekara mai albarka ta fi ta farkon shekara nauyin haraji. Wanda yake da albashi a wani wuri yana dillanci a gefe ya fi kowa shiga wannan tarko, domin albashinsa ya riga ya cinye matakan ƙasa, la'adarsa tun daga ta farko a mataki na sama take faɗawa. Shi kam 30 ɗin Baba ma tana iya gaza masa.

Na biyu, kuɗin tsarin fansho da lafiya, wanda mutane ke mantawa da shi. Ma'aikaci wani kaso yake biya, wanda ya ɗauke shi aiki ya biya sauran. Mai zaman kansa shi ne ma'aikacin, shi ne mai gidan. A Amurka wannan kaɗai kashi 15.3 ne, ana lissafa shi a kan kashi 92.35 na riba. A kan ribar 45,000 ya kai kusan 6,358, tun ba a taɓa harajin kuɗin shiga ba. Kowa ya nemi sanin yadda abin yake a ƙasarsa, ya zauna da akanta sau ɗaya a farkon shekara a fitar masa da kason da ya dace da shi, a sake dubawa a tsakiyar shekara.

Baba Dillali:
To na ji, Malam. Amma har zuwa ranar da zai zauna da akantan, 30.

Malam Akanta:
A kan wannan mun daidaita, Baba.

Anti Mai Lissafi:
Tun da haraji a kan riba yake, bari in tsaya a kan ɗawainiya, domin nan ne sabon dillali ke asarar kuɗi ta hanya biyu: ko ya ƙi rubuta abin da ya halatta ya cire, ya biya fiye da kima, ko ya cusa abin da bai halatta ba, a kama shi a ci shi tara.

Ƙa'idar kusan ɗaya ce a ko'ina: abin da aka kashe domin aikin, kuma akwai shaida. Talla, allon da ake kafawa a ƙofar gida, mai ɗaukar hoto, bugun takardu, sabunta lasisi, kuɗin ƙungiyar dillalai, inshorar kuskuren aiki, kuɗin lauya da akanta, cajin banki na asusun sana'a, kason wanda ya haɗa ka da ciniki. Waɗannan ba su da gardama. Gardamar tana cikin abin da gida da aiki suka yi tarayya a kai: mota, waya, intanet, ɗaki.

Mota ita ce babba, domin dillali a kan hanya yake yini. Ranar farko ta shekarar haraji ka ɗauki hoton agogon kilomita na motar, ranar ƙarshe ka sake ɗauka. A tsakani, kowace fita ta aiki ka rubuta abu huɗu: kwanan wata, inda ka je, dalili, da kilomita nawa. Ƙaramin littafi a aljihun ƙofar mota da biro ɗaure da zare ya wadatar, ko manhajar waya. Ka rubuta kafin ka kashe mota, domin bayan mako guda ba za ka tuna ko gida uku ka nuna ranar Talata ko biyar ba. Idan a shekara motar ta yi kilomita 18,000, littafinka ya nuna 11,700 na aiki ne, to kashi 65 ke nan. Mai, gyara, taya, inshora da takardun mota sun ci 4,000, za ka cire 2,600. Wasu ƙasashe, kamar Amurka da Birtaniya, suna ba da zaɓi na biyu: ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mil na aiki, ba sai ka tara rasiɗin mai ba. Amma ko wanne ka zaɓa, littafin nan dole ne. Kuma ka lura, zuwa daga gida zuwa ofishin da kake zama kullum galibi ba a lissafa shi cikin tafiyar aiki. Daga ofis zuwa gidan da za ka nuna, wannan aiki ne.

Ɗakin aiki a gida kuma da faɗi ake aunawa. Ɗaki mai murabba'in mita 12 a gida mai 96, ɗaya bisa takwas ke nan na haya da wuta. Sai dai a wasu wurare, Amurka misali, sharaɗin shi ne ɗakin ya zama na aiki zalla kuma a kai a kai. Teburin cin abinci da kake buɗe kwamfuta a kai da daddare bai shiga ba.

Waya: in za ka iya, ka yi layi daban na aiki, magana ta ƙare. In layi ɗaya ne, ka ɗauki wata guda ka duba kiran da ka yi, ka fitar da kaso mai hujja, ka tsaya a kai.

Sabon Shiga:
Anti, kayan sawa fa? Dillali dole ya fito tsaf. Da kuma kyautar da ake ba wanda ya sayi gida, da kuɗin kwas ɗin da aka yi kafin a samu lasisi?

Anti Mai Lissafi:
Kayan sawa a'a, ƙanena, muddin za ka iya sa su ka je wani wuri da ba aiki ba. Riga mai tambarin kamfani, ko hular kwano da takalmin shiga wurin gini, su ne ake karɓa.

Kyauta da liyafa ka yi taka-tsantsan. A Amurka dala 25 kacal ake yarda ka cire a kan mutum ɗaya a shekara, komai tsadar kyautar, abincin da aka ci ana maganar ciniki kuma rabi ake cirewa. A Birtaniya liyafar abokan ciniki ba a cire ta ko kaɗan. Ka yi kyautar in zuciyarka ta ba ka, amma ka ɗauka daga aljihunka ta fita.

Kwas ɗin farko kuwa, wanda ya ba ka damar shiga sana'ar, a ƙasashen nan biyu ba a cire shi, domin ana ɗaukarsa a matsayin koyon sabuwar sana'a. Kwas ɗin ƙarin sani bayan ka fara aiki, shi ana cirewa. Sauran abin da ka kashe kafin cinikin farko, kamar bugun kati, talla da rajista, ka adana rasiɗinsu, domin dokoki da yawa suna ba da damar shigar da su bayan an fara.

Wani abu game da rasiɗi: irin siririyar takardar nan mai sheƙi da injin gidan mai ko na kanti ke fitarwa, ba tawada ba ce a jikinta, zafi ne ke fito da rubutun. Ka bar ta a mota rana ta buge ta, bayan wata uku sai ka ɗauko farar takarda ko baƙa ƙirin, babu adadi babu kwanan wata. Ka ɗauki hotonta a take, ka rubuta a bayanta abin da aka saya da gidan da ya shafa.

Barista:
Ina so in shigo da abin da ya fi haraji haɗari: kuɗin da ba naka ba amma yana hannunka. Kafin alƙalamin mai saye, kuɗin hayar da ka karɓar wa mai gida, kuɗin ajiyar da ɗan haya ya bayar saboda ɓarna. Wannan amana ce. Ba ya shiga asusun sana'a, balle na gida. Asusu na huɗu za ka buɗe masa, da sunan da ke nuna kuɗin abokan ciniki ne. In kana ƙarƙashin kamfani, mafi kyau kada ma ya bi ta hannunka, ya tafi asusun amanar kamfanin kai tsaye.

Yadda ake faɗawa ramin kullum iri ɗaya ne. Ciniki ya kusa faɗawa, dillali ya ce ai la'adata tana cikin kuɗin nan, bari in ɗan taɓa kafin a sa hannu. Sai cinikin ya wargaje, ko takardun filin su fito da matsala, ko banki ya hana mai saye lamuni. Mai saye ya ce a dawo masa da kuɗinsa yau. Dillali ya ɗauko na wani ya toshe, daga nan kuma sai toshe-toshe har ranar da biyu za su nema a lokaci ɗaya. A wuraren da ake ba da lasisi, haɗa kuɗin amana da naka kaɗai ya isa a ƙwace lasisin, ko da ko sisi bai ɓata ba. A Ingila tun Afrilun 2019 doka ta wajabta wa dillalan haya da ke riƙe kuɗin mutane su shiga tsarin da ke kare wannan kuɗi.

Kowane ƙarshen wata ka gwada adadi uku: abin da banki ya nuna a asusun amana, jimlar da ke littafinka, da jimlar abin da kowane mutum ke binka in an tara ɗaya bayan ɗaya. Dole ukun su zo daidai. In sun saɓa ko da kaɗan ne, kada ka tashi sai ka gano dalili.

Sannan ka san wanda kake ciniki da shi. Hukumar FATF, wadda aka kafa a 1989 don yaƙi da halasta kuɗin haram, ta sa dillalan gidaje cikin waɗanda dole su tantance abokan cinikinsu su kuma adana bayanai aƙalla shekara biyar, ƙasashe da dama sun mayar da hakan doka. Ka karɓi kwafin katin shaida na mai saye da mai sayarwa. Wanda ya zo da tsabar kuɗi mai yawa yana gaggawa, yana ƙin a rubuta sunansa, ka bar cinikin.

Hajiya Dillaliya:
Barista ya taɓo inda nake so. Ba a cinikin biri a sama. La'ada ba ta zama kuɗi sai ta sauka a asusu. Daga ranar da aka yi na'am da farashi zuwa ranar da aka kammala takardu ana iya ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kuma wasu cinikin a hanya suke mutuwa. Kada ka ci bashi a kan cinikin da bai faɗa ba, kada ka yi wa iyali alkawari a kansa.

Shi ya sa asusun ko-ta-kwana ya kamata ya kai abin da zai riƙe gida da sana'a wata shida. Ka fara da kashi 10 na kowace la'ada, in wata ya yi kyau ka ƙara.

Ga kuma lissafin da nake so kowane sabon dillali ya yi da biro da takarda. Mu ce gidanka na buƙatar 24,000 a shekara. Da harajin kashi 28 na misalin Malam, ribar da za ta bar maka wannan ita ce 24,000 a raba da 0.72, wato kusan 33,333. Ka ɗora ɗawainiyar aiki 15,000, ya zama 48,333. In kowane ciniki yana bar maka 5,250, sai ka kammala ciniki goma a shekara kafin ka tsaya da ƙafarka, tara ba za su kai ba. Wanda ya san lambarsa goma ce, in Yuni ta yi yana da biyu, ya san lokacin rage kashe kuɗi ya yi, ba sai Disamba ta gaya masa ba.

Sabon Shiga:
Wannan lissafi ya buɗe mini ido, Hajiya. Saura maganar lokacin biya. Sau ɗaya ne a shekara?

Malam Akanta:
A nan ne ake yi wa sababbi ba-zata. Hukumomi da yawa ba sa jiran ƙarshen shekara, suna so ka riƙa biya a gaba bisa ƙiyasi.

A Amurka sau huɗu ne: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairun shekara mai zuwa. Ka lura tazarar ba ɗaya ba ce, tsakanin na farko da na biyu wata biyu ne kacal. Wanda ya biya aƙalla kashi 90 na harajin bana, ko daidai da harajinsa na bara gaba ɗaya, galibi ya tsira daga tarar gaza biya, sai dai masu samu da yawa su kashi 110 na bara ake nema.

A Birtaniya shekarar haraji tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu. Sabon mai zaman kansa zai yi rajista kafin 5 ga Oktoba da ke bin ƙarshen shekarar da ya fara, ya cike takardu ta intanet ya biya zuwa 31 ga Janairu. Ga inda abin yake da ciwo: in harajin ya haura fam 1,000, a wannan rana za a nemi harajin shekarar da ta wuce gaba ɗaya, da kuma rabinsa a matsayin somin-taɓin shekarar da ake ciki. Wanda ya shirya wa 4,000 sai ya ga 6,000, sannan wata 2,000 ranar 31 ga Yuli. Ba ƙarin haraji aka yi masa ba, gaba aka ja biyan, amma aljihu bai san wannan bambanci ba.

Na kawo waɗannan biyu ne don a ga yadda tsari ke bambanta. Kowa ya samo abu huɗu daga hukumar harajin inda yake: ranar rajista da karɓar lambar haraji, ranar miƙa takardu, ranakun biya, da shekarun da ake so a adana takardu. Ka sa su a kalandar waya, kowanne da tunatarwa mako uku kafin ranar.

Kuma in ranar ta zo babu kuɗi a hannu, ka miƙa takardun duk da haka. Ƙin miƙawa da ƙin biya laifi biyu ne, a wasu ƙasashe na farkon ya fi tsada. A Amurka tarar ƙin miƙawa kashi 5 ce a kowane wata har ta kai 25, ta jinkirin biya kuwa rabin kashi ɗaya ce a wata. Ka miƙa, sannan ka nemi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan.

Anti Mai Lissafi:
A ƙara da haraji biyu da ke bi ta kan la'ada kanta.

Na farko, wanda ake zarewa tun daga tushe. A wasu ƙasashe kamfanin da zai biya ka yana cire wani kaso ya miƙa wa hukuma da sunanka. Mu ce kashi 5: la'adarka 7,000, ka ga 6,650. Kuskuren shi ne ka rubuta 6,650 a matsayin abin da ka samu. Ka rubuta 7,000 ta shigo, 350 harajin da aka riga aka biya, za a debe maka ita daga na ƙarshen shekara. Amma sai da takardar shaidar cirewa mai ɗauke da lambar harajinka. Ka nemi takardar nan a watan da aka biya ka. In ka bari sai bayan shekara, wanda ya sa hannu ya bar aiki, kai kuma ka biya sau biyu.

Na biyu VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da aiki, a ƙasashen da ke karɓarsa a kan aikin dillanci. Iyakar da ke wajabta rajista da jimlar abin da ya shigo ake auna ta, ba da riba ba. A Birtaniya fam 90,000 ce a cikin kowane wata goma sha biyu a jere, harajin kuma kashi 20. Dillali kan tsallake iyakar da manyan ciniki biyu bai ankara ba. In kuma yarjejeniyarka ba ta ce za a ɗora VAT a kan la'ada ba, ana iya ɗauka yana cikinta. A kashi 20, la'adar 10,000 za ta zubar da ɗaya bisa shida, kusan 1,667, daga aljihunka. Ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar.

Sabon Shiga:
Wasu sun ba ni shawarar in yi rajistar kamfani tun yanzu, wai haraji ya fi sauƙi.

Barista:
Kada ka yi gaggawa, ƙanena. Kamfani yana da nasa ɗawainiyar: kuɗin rajista, rahoton shekara-shekara, akanta, takardun haraji daban da naka. Kuɗin da ke asusunsa kuma ba naka ba ne sai ka fitar da shi ta albashi ko rabon riba, kowanne da harajinsa. Sauƙin da ake faɗa yana fitowa ne idan riba ta yi yawa har kana barin wani abu a cikin kamfanin. Wanda duk abin da ya samu gida ke cinyewa, ƙarin kashe kuɗi kawai ya jawo wa kansa. Sannan ka duba dokar lasisi, domin a wasu wurare ba a yarda a biya la'ada ga kamfanin da shi kansa ba shi da lasisi. Kariyar da ake cewa kamfani na bayarwa kuma ba ta rufe kuskuren da ka yi da hannunka. Inshorar kuskuren aiki ce ke rufe wannan.

Baba Dillali:
Maganar Barista gaskiya ce. Ka yi shekara guda cur da littafi mai tsafta, sannan ka kai wa akanta ya gwada maka hanyoyin biyu da lambobinka na gaske. In ka je kuma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: har la'adar da aka ba ka a hannu ka faɗa masa. Mai saye yana da rasiɗi, mai gida ya rubuta a nasa littafin, hukuma tana iya ganin cinikin ta wajensu ko kai ba ka faɗa ba. Kuɗin hannu ka kai shi banki a ranar ko washegari, ka rubuta sunan gidan a takardar ajiya.

Anti Mai Lissafi:
Littafin da Baba ke nufi ba wani abu mai wuya ba ne. Shafi ɗaya a kwamfuta ko littafi mai layi, da gurbi bakwai: kwanan wata, daga wa ko zuwa ga wa, gidan da abin ya shafa, abin da ya shigo, abin da ya fita, nau'in ɗawainiya, lambar rasiɗi. Gurbin gidan nan kada ka raina shi, shi zai nuna maka cewa wani gida ya ci talla da mai na wata biyar bai kawo komai ba. Ka ware minti talatin a rana guda kowane mako ka cike shi, ƙarshen wata ka gwada shi da takardar banki layi bayan layi.

Kayan aiki masu daɗewa, kamar kwamfuta ko kyamara, ka ba su shafi daban da ranar saye da kuɗinsu. Wasu dokoki suna bari a cire kuɗin gaba ɗaya a shekarar saye, wasu sai an raba shi a kan shekaru, akanta zai buƙaci ranar ko ta wace hanya aka bi.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: in an riga an biya ni la'ada, na ware haraji, daga baya cinikin ya warware aka ce in mayar?

Malam Akanta:
Ka mayar ta banki daga asusun sana'a, ka karɓi takardar da ke nuna dalili da adadi, ka rubuta ta a littafi a matsayin la'adar da aka mayar, da sunan gidan. In a cikin shekarar haraji ɗaya abin ya faru, ta goge kanta, kason da ka ware sai ka dawo da shi asusun sana'a. In shekara ta riga ta juya kuma ka miƙa takardu, kada ka taɓa asusun haraji tukuna, ka kai wa akanta takardun biyu, ta karɓa da ta mayarwa, ya duba ko a shekarar da ka mayar za a cire ko tsohuwar takarda za a gyara. Sannan ka koma kan yarjejeniyarka da kamfani ka ga ko su ma za su mayar da kashi 30 ɗinsu, da wanda ya haɗa ku da nasa 25, domin in ba a rubuta ba, kai kaɗai za a bi 10,000 ɗin.